Ƙusar Jirgin Fon

Sufeto Narin Petrat yana tsakiyar cin taliyar shinkafa da miyar kifi a rumfar da ke kallon ofishin 'yan sanda na Kantang, sai ga Saje Kulap ta tsallako titi da makullin mota a hannu.

"Yallabai, jirgi ya kife a teku. Ɗaya daga cikin jiragen gwajin gidan Limsakul. Direban ya rasu."

"Na ɗan ko na 'yar?"

"Na 'yar."

Narin ya ture kwanon ya miƙe. Babu wanda bai san da wannan gwaji ba a garin. Ƙungiyar agaji ta tsibiran da ke gaba tana neman jirgin ɗaukar marasa lafiya, mai gudu kuma mai jure wahala, domin tsofaffin injinanta na rataye sun sha mutuwa a tsakiyar ruwa da mai naƙuda a ciki. Garejin tsoho Prayong Limsakul ya ƙera jirage biyu. Ɗansa Mek ya yi ɗaya, 'yarsa Fon ta yi ɗaya, injinansu iri ɗaya, amma kowa da hanyar da yake kai ƙarfin injin ga farfela. Wanda ƙungiyar ta zaɓa, irinsa garejin zai ci gaba da ƙerawa.

Ko da suka isa gadar da jiragen ruwa ke tsayawa, mutane sun cika ta. An shimfiɗe gawar a inuwa an rufe da zane. Sofwan ne, mutumin tsibiri, direban gwajin garejin, wanda tun yana saurayi yake tuƙa wa tsoho Prayong jirage. Matarsa Rokiyo tana durƙushe a gefensa, 'yan uwansa maza kuma suna tsaye a bayanta. Ba gawar suke kallo ba. Wata mata suke kallo, sanye da rigar aiki, tana tsaye ita kaɗai a ƙarshen gada.

"Ita ce Fon," in ji Saje Kulap a hankali.

Rokiyo ta ɗago kai. "Yallabai, ku ba mu shi. Mu ba ma kwana da gawa."

"Likita zai duba shi, Yaya, ni da kaina zan tsaya a kai. Kafin rana ta faɗi yana hannunku."

Wani ƙato daga cikin mazan ya matso. "Duba me? Kowa ya san abin da ya kashe shi. An gaya mata wannan abin nata na tsere ne, ba na ɗaukar bayin Allah ba. Ta ƙi ji. In ku ba za ku tambaye ta ba, mu za mu tambaye ta."

"Sunanka?"

"Ƙanensa ne ni."

"To ƙanen Sofwan, ka riƙe mutanenka. Wanda ya taka ƙarshen gadar nan kafin in gama, a ofishina zai yi zaman makoki."

Ƙaton ya ja da baya, amma idonsa bai bar Fon ba.

An riga an jawo jirgin da ya kife, an ɗaga shi da ƙugiya a garejin, ruwa na ɗiga daga cikinsa. Buhunan yashin da aka loda a madadin marasa lafiya sun yage sun watse. A bayansa sanduna biyu dogaye sun fito, kowace da farfela a ƙarshenta. Ɗaya tana kallon baya, ɗaya kuma ta karkace gefe kamar karyayyen hannu.

Narin ya sa aka kira Fon. Ta zo idanunta a bushe.

"Ni ban san jirgi ba, Malama Fon. Ki yi mini bayani kamar yadda za ki yi wa mai saye. Mene ne bambancin naki da na yayanki?"

"Na Yaya Mek ƙafa muke ce masa. Ƙarfin inji sai ya lanƙwasa ƙasa ta cikin giya, ya sake lanƙwasawa baya kafin ya isa farfela, farfelar kuma tana nitse can ƙasa. Yana kama ruwa, yana shan kwana lafiya. Amma ƙafar tana jan ruwa tana cin gudu, kuma in ka matsa masa yau da gobe, giyar ce take fara cinyewa. Nawa wutsiya ne. Sanda ce miƙaƙƙiya daga inji zuwa waje, farfela rabinta a ruwa rabinta a iska. Babu lanƙwasa, babu abin da zai ci."

"Wa ya ci gwajin gudu?"

"Ni. Jiya. Na dawo na ɗaure jirgi kafin a hango shi."

"Na yau fa?"

"Na ƙarko ne. A zagaya alamar da ke bayan tsibiri cikin igiyar ruwa, a dawo, a sake komawa, har a ga wanda zai fara gajiya."

"Kuma naki ya gaji a zagayen farko."



Narin ya zagaya bayan jirgin. Tsakanin wutsiyoyin biyu akwai wata sanda a kwance, gefenta ɗaya a ɗaure, ɗayan yana lilo.

"Wannan fa?"

"Ita ke haɗa su don su juya tare. In ta saki ana cikin gudu, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma, jirgi ya juya a kan kansa."

A cikin ramin sandar akwai guntun wata ƙatuwar ƙusa mai zare da ta karye. Narin ya sa Saje Kulap ta buga ta fito, ya tara hanki ya karɓa. Kanta fari ne fes kamar sauran. Amma inda ta karye, rabin fuskar sumul yake yana ƙyalli, sauran kuma baƙi ne da tsatsa a zaren.

"Jirgin nan tsoho ne?"

"Bana na gama shi."

Narin ya laluba aljihu ya ciro maganaɗisun da yake manna waya a mota. Mahaifinsa ɗan gwangwan ne, kuma shi ya tashi yana rarrabe ƙarafa da irin wannan. Ya kara shi a ƙusar ɗaya gefen, bai kama ba. Ya bi sauran ƙusoshin wutsiyar ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta kama. Ya kawo shi kusa da guntun da ke cikin hankin, sai guntun ya yi tsalle ya manne.

Fon ta matso kamar an jawo ta. "Wannan ba tawa ba ce. Ban sa baƙin ƙarfe ko ɗaya a jirgin nan ba." Ta kankare kan ƙusar da farce, farin ya ɓare. "Fenti ne."

"Wannan sumul ɗin kuma aikin zarto ne," in ji Narin. "Yaushe kika duba ta?"

"Jiya da yamma, da hannuna na ɗaure ta. Ni zan tuƙa, ba zan bar wa wani ba."

"Ke za ki tuƙa?"

"Ni na tuƙa jiya, ni ya kamata in tuƙa yau. Na riga na sa rigar ceto, sai Baba ya dafe ƙirji ya faɗi a nan bakin ruwa. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Na ce a ɗage gwajin, Yaya Mek ya ce mutanen ƙungiya sun riga sun fita teku suna jira. Sai Yaya Sofwan ya ce in tafi da Baba asibiti, shi zai zagaya mini." Ta dubi jirgin. "Rigata ma ya sa."

"Wa ke da makullin garejin?"

"Ni, da Yaya Mek, da Baba."

Narin ya naɗe hankin ya sa a aljihu. "Kada ki fita daga garejin nan. Ba don ina zarginki ba. Kin ga mutanen da ke kan gada."

Mek yana wata rumfar garejin, a zaune a kan jirginsa, da sigari a hannu bai kunna ba. Mutum ne mai jiki, kayansa har yanzu a jiƙe, domin shi ya faɗa ruwa ya ɗauko Sofwan.

"Na faɗa mata tun tana zana shi a takarda," ya ce tun kafin a tambaye shi. "Wutsiya ta fi gudu, wa ya musa? Amma farfela rabi a iska, da zarar igiya ta ɗaga ka sai ta saki ruwa ta yi ta ihu, ta dawo ta kama da ƙarfi. Duk wannan dukan a kan sitiyari yake sauka. Kuma sai gwani ke iya tuƙa ta. Su waɗannan masunta ne za su tuƙa, cikin ruwan sama, da mai ciwo a kwance. Ƙafa ko giyarta ta ci, sai ta yi ta kuka tana gaya maka. Wutsiya ba ta sallama."

"Ita kuma ta ce taka ce ba ta da ƙarko."

"Fon in ta ce rana daga yamma take fitowa, sai ta kawo maka lissafi."

"Kuna shiri?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya muke."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba. Ina kake lokacin da ya kife?"

"A bayansa."

"Kusa?"

"Da ɗan nisa. Injina na hagu ya yi zafi, na sassauta."

"Jiya da yamma bayan an tashi fa?"

"Gida. Ka tambayi matata."

"Zan tambaye ta."

Mek ya kunna sigarin a ƙarshe. Sai da ashana ta mutu masa a hannu kafin ya dace.

Haji Dolo, shugaban ƙungiyar agaji, shi ne ya jagoranci masu sa ido, kuma jirgin masuntan da suke ciki yana tsaye daf da alamar kwana lokacin da abin ya faru. Narin ya same shi a masallacin bakin gada yana shirya yadda za a kai gawa tsibiri. Dattijon ya miƙa masa waya ba tare da ya kalli fuskarta ba.

"Na ɗauki bidiyon gwajin don in nuna wa mutanenmu. Ban iya sake kallo ba."

Narin da Saje Kulap suka kalla a mota. Jiragen biyu sun taho kusan kafaɗa da kafaɗa, domin cikin igiya Sofwan yana lallaɓa nasa, yana sassautawa a kan kowace igiya yana sake takawa a bayanta. Saura kaɗan su isa alamar sai jirgin Mek ya ja baya ya buɗe can waje, ya bar fili mai faɗi. Sofwan ya shiga kwana. Bayan jirgin ya fizge, jirgin ya juya ya tashi sama ya faɗo a kife.

"Koma baya," in ji Narin.

Suka sake kallo. Bayan kifewar, jirgin Mek ya taso da dukan ƙarfinsa, injina biyu suna ruri.

"Injin da ya yi zafi ke nan," in ji Saje Kulap.

"Kuma da shi ya kawo gawa har gada. Ba sassautawa ya yi don inji ba. Hanya ya bayar."

"To shi ne, Yallabai. Ya sha kaye jiya, yana da makulli, ya san inda za ta karye."

"Ya san wani abu. Amma akwai abin da bai zauna mini ba. In Mek ne, ƙanwarsa ya shirya wa. Wa ya fitar da ita daga jirgin?"

Saje Kulap ta dube shi. "Ciwon tsoho."

"Mu je mu gaishe da ciwon."

Asibitin ƙarami ne, mai zaman kansa, a bayan kasuwa. Likitar, wata mata mai furfura a goshi, ta yi jinkiri kafin ta buɗe baki, sai da Narin ya gaya mata mutum ya mutu.

"Na gwada zuciyarsa, na auna jininsa. Ban ga komai ba. Mutum mai shekarunsa, da ma ni ce da irin wannan zuciya."

"Zai yiwu ciwon ya zo ya wuce?"

"Zai yiwu. Shi ya sa na ce ya kwanta mu ga yadda za a yi. Amma akwai abin da na lura. Ya riƙe hannun 'yarsa gam, ko takarda bai bari ta je ta cika ba. Kuma ba ya tambayar jikinsa. Sai dai ya ce, 'Sun tashi? Kira ki ji ko sun tashi.'"

"Da aka ce sun tashi fa?"

"Ya sake ta. Ya tashi zaune ya ce a sayo masa kofi."

"Ya sha?"

"An kawo, bai kai baki ba aka kira 'yar a waya. Ta fita da gudu. Shi kuma ya zauna yana kallon kofin. Na juya in ga wani mara lafiya, na dawo ba ya nan."

A mota Narin ya ciro hankin ya sake duba guntun ƙusar.

"Zaren nan ba irin na kasuwarmu ba ne. Sai wanda ke da jirgi mai wutsiya zai samu irinta, kuma tsohuwa ce, tun zamanin da ba a yi da farin ƙarfe. Kulap, ke 'yar garin nan ce. An taɓa yin wani jirgi mai wutsiya a Kantang?"

Ta ɗan yi tunani, sai fuskarta ta canza. "Na Tawan. Babban ɗan tsoho. Ina makarantar firamare lokacin. Ɗan tsere ne, duk garin na ji da shi. Ya mutu a gasa a gaban idon ubansa. Tun daga nan garejin bai sake ƙera irinsa ba, sai da Fon ta dawo daga karatu."

"Ina jirgin?"

"An ce yana nan a rumfar baya. Ba a bari kowa ya shiga."

Rana ta fara karkata lokacin da suka koma garejin. A hanya Narin ya tsaya ya sa hannu aka saki gawar Sofwan ga danginsa. Mazan da ke gada sun ragu, amma ƙanen yana nan da wasu, sun matso har bakin ƙofar garejin. Narin ya ajiye kurata biyu a wurin.

Ya sami Mek inda ya bar shi.

"Buɗe mini rumfar baya."

"Baba kaɗai ke da makullinta."

"To zan sa a fasa. Kafin nan, na ga bidiyon da Haji Dolo ya ɗauka. Injinka lafiyarsa ƙalau. Ka buɗe hanya tun kafin kwana, kamar mai jiran abu ya faru. An sauya ƙusar jirgin ƙanwarka da wadda aka yanka da zarto. Kana da makulli, ka sha kaye jiya, ka yi mini ƙarya. Ka san yadda wannan zai kasance a gaban alƙali?"

Sigarin ya faɗi daga hannun Mek. "Yanka? Wa ya ce an yanka?"

Narin ya buɗe hankin. Mek ya daɗe yana kallo. Ya kai yatsa ya shafa zaren, ya janye kamar ya taɓa wuta.

"Ka gane ta."

"Ban san komai ba."

"Mek, wa ya ce ka nisanci kwana?"

Mutumin ya rufe fuska da tafukansa. Da ya yi magana, da ƙyar aka ji shi.

"Da safe, muna shan shayi. Ya ce, in kun zo kwana kada ka kusanci jirgin Fon, ka buɗe sosai. Na ce me ya sa? Ya ce wutsiya ba ta da amana. Kullum haka yake faɗa, Yallabai. Na ɗauka maganarsa ce ta kullum. Sai da na ɗago Yaya Sofwan daga ruwa, sannan maganar ta dawo mini."

"Shi ya sa ka ƙirƙiro zafin inji."

"Ubana ne."

Ba a kai ga fasa ƙofa ba. Kwaɗon a buɗe yake. A ciki, hasken yamma yana shigowa ta ramukan kwano, ga wani siririn jirgin tsere ja a kan katako, gefensa a farfashe. Tsoho Prayong yana zaune a kan benci kusa da shi, cikin farar singileti, da sandunan turare suna ci a gaban hoton wani saurayi.

Narin bai yi masa magana ba tukuna. Ya wuce bayan jirgin. Sandar da ke haɗa wutsiyoyinsa duk ta yi tsatsa, gefe ɗaya da ƙusa, ɗayan ramin fanko, bakinsa da sabon ƙarzo. A kan teburin aiki akwai zarto, garin ƙarfe a ƙarƙashin abin matse ƙarfe, da gwangwanin farin fenti na feshi. Saje Kulap ta ɗaga wani tsumma. A ƙarƙashinsa ga ƙusa sabuwa fil, lafiyayya. Narin ya kara maganaɗisu. Bai kama ba.

Fon da Mek suna tsaye a bakin ƙofa.

"Kawu Prayong," in ji Narin, "yaya ƙirjin?"

"Da sauƙi."

"Likita ta ce da ma lafiyarsa lau."

"Likitocin yanzu."

Narin ya ɗauki guntun ƙusar ya kai shi ramin da ke fanko. Ya shiga daidai. Ya ajiye sabuwar ƙusar a kan benci kusa da gwiwar tsohon.

"Wannan ta Fon ce. Jiya da yamma ta ɗaure ta da hannunta. Yaya aka yi ta zo ɗakin da kai kaɗai ke da makullinsa?"

Tsohon ya dubi ƙusar, ya dubi hoton. Bai dubi 'ya'yansa ba.

"Baba," in ji Fon. "Ka ce wani abu."

Ya yi ajiyar zuciya. "Na roƙe ki. Tun kina zane na roƙe ki. Kika ce zamani ya canza, ƙarfe ya canza. Haka yayanki Tawan ya ce mini. Jiya na tsaya a gada na ga kin wuce, ruwa na tashi a bayanki kamar bango, ban ga ke ba, shi na gani. Kuma na ga fuskar Haji Dolo. Na san naki za su zaɓa. Daga nan sai ki yi na biyu, ki yi na goma, kowanne ke za ki gwada. Wata rana a kawo mini ke a kan gada."

"Sai ka yanka ƙusa," in ji Narin.

"Na yanka ta fiye da rabi. Da sassafe na zo ba karnuka abinci, na sauya. Lissafina ta karye tun a mashigin kogi, inda igiyar farko take dukan jirgi, lokacin ba a taka wuta ba. Jirgi ya tsaya, a jawo shi da igiya, mutanen ƙungiya su gani da idonsu, magana ta ƙare. Babu wanda zai ji ciwo." Ya girgiza kai. "Amma Sofwan hannunsa taushi gare shi. Ni na koya masa. Ya bi igiyar nan a hankali, ya lallaɓa ta, ta riƙe har kwana. Da wani ne da ta karye tun da wuri."

"Ke nan tsautsayi ne."

"Tsautsayi ne, Yallabai."

Narin ya jawo wani akwati ya zauna suna fuskantar juna.

"In ka tabbata babu wanda zai ji ciwo, me ya sa ka faɗi a bakin ruwa ka riƙe hannun 'yarka?"

"Uba ne ni. Na ce ko da."

"Kuma ka ce wa Mek ya buɗe a kwana. Kwana ba a mashigin kogi take ba, Kawu. Tana bayan tsibiri, inda ake gudu. Ka san za ta iya kaiwa can."

Tsohon ya kau da kai.

"Na ce ko da," ya sake faɗa, murya ƙasa ƙasa.

"Ka tanadi ko da saboda Fon. Ka tanadi ko da saboda Mek. Kana kwance a ƙasa kana ji Sofwan ya ce shi zai tuƙa. Kana kallo ya karɓi rigar ya sa. Me ka tanadar masa?"

Toka ta zubo daga sandar turare.

"Kalma ɗaya ta isa," in ji Narin. "Ka ce a ɗage. Ka ce a duba sitiyari. Kai ne maigida, wa zai musa maka?"

"Na so in faɗa." Tsohon ya sunkuyar da kai. "Ya sunkuyo ya ce, Maigida, ka je ka huta, zan kula da jirgin 'yarka. Na buɗe baki. Sai na tuna in na faɗa, za ta duba ta gani, ta san ni ne. Na yi shiru."

Fon ta dafa ƙofa. Mek ya kai hannu zai riƙe ta, ta kauce.

Narin ya miƙe. "Prayong Limsakul, na kama ka bisa mutuwar Sofwan. Abin da ka faɗa nan za ka maimaita shi a ofis, kuma kana da damar kiran lauya."

Saje Kulap ta ciro ankwa. Tsohon ya miƙa hannayensa da kansa, sannan ya dubi 'yarsa a karo na farko.

"Fon."

Ta juya ga Narin. "Wa zai gaya wa Rokiyo?"

"Aikina ne. Gobe da safe zan tsallaka tsibirin."

"A'a. Yau za ta binne shi tana ganin jirgina ne ya kashe shi, ko ganganci ya yi. Bai yi ganganci ba. Ya kamata ta ji kafin a rufe shi, kuma daga bakin 'yan gidan nan."

"Mutanen can ransu a ɓace yake, Malama Fon."

"Na sani." Ta miƙa wa yayanta hannu. "Ba ni makullin jirginka."

Mek ya dube ta, ya dubi ubansu. Ya ciro makullin, amma bai ba ta ba.

"Ba ki iya ƙafa ba. Ni zan kai ki."

Narin ya sa kurtu ɗaya ya bi su. Shi da Saje Kulap suka fito da tsohon ta ƙofar gaba. Ƙanen Sofwan yana nan a tsaye. Da ya ga wanda ke cikin ankwa, sai ya saki baki, ya ja gefe ba tare da an ce masa ba, sauran ma suka buɗe hanya.

Suna sa tsohon a mota aka tayar da injina a bakin ruwa. Ya juya kai yana neman gani ta gilashin baya, amma katangar garejin ta tare. Saje Kulap ta rufe ƙofa, Narin ya ja mota.